Mangapurua: Kwarin da Aka Yanka wa Sojoji, Daji Ya Karɓe Abinsa

A shekarar 1917 gwamnatin Niyu Zilan ta buɗe kwarin Mangapurua, wani lungu mai tsaunuka da kurmi kusa da kogin Whanganui, domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya su kafa gonaki. Masu safiyo suka auna faɗi da tsawo, aka yanka filaye. Abin da awon bai nuna ba shi ne ko ƙasar za ta iya riƙe mutanen.

A wancan zamani girman itatuwa ake ɗauka a matsayin shaidar ƙasa mai albarka. Manoman suka sare dajin, suka cinna masa wuta, suka watsa irin ciyawa a kan toka domin kiwon tumaki da shanu. Da farko ciyawa ta yi kyau. Amma da ƙarfin tokar ya ƙare, saiwoyin da ke riƙe gangara suka ruɓe, ruwan sama ya riƙa zaftare tuddai yana toshe hanya. Faɗuwar farashin ulu kuma ta ƙara musu bashi.

Lokacin da aka kammala gadar kankare a 1936, da yawa sun riga sun tashi. Bayan ambaliyar 1942 gwamnati ta daina gyaran hanyar, iyalai uku da suka rage suka kwashe kayansu.

Yau daji ya sake rufe gonakin. Gadar na nan tsaye cikin gandun dajin Whanganui, babu hanyar mota gabanta, babu bayanta.