Fulawar Madagaska: Renonta da Abin da Aka Samu a Ganyenta

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda ake renon wata ƙaramar shuka ta ado wadda ɗalibai da ma'aikata suke wucewa ta gabanta kullum a ƙofar ofisoshi da makarantu da asibitoci, ba tare da sun san sunanta ko tarihinta ba. Amma kafin a shiga maganarta ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmar fulawa ita kanta. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ta shigo Hausa da ma'ana biyu, watau garin alkama da kuma furen ado, saboda a bakin Bature kalmomin nan biyu lafazinsu ɗaya ne. Ba don Hausa ta rasa kalma aka yi aron ba, ga fure, ga huda. Abin da ya zo baƙo shi ne a shuka abu don kallo kawai. A tsakar gidan Bahaushe na da, abin da ake tararwa shi ne lalle da zogale da ɗoɗɗoya da gwanda, kowanne da aikinsa a tukunya ko a jiki. Shuka furanni a jere a bakin baranda al'ada ce da ta yaɗu daga bariki da unguwannin Turawa, ma'aikatan da suka gaji gidajen suka gaje ta tare da su.

Shukar da ake magana a kanta asalinta daga tsibirin Madagaska take, shi ya sa aka kira ta fulawar Madagaska a nan. Masanin tsirrai Carl Linnaeus na ƙasar Siwidin ya ba ta suna Vinca rosea a 1759, sa'an nan a 1837 George Don ya mai da ita Catharanthus roseus, sunan da masana suke amfani da shi har yau. Tsawonta bai cika wuce gwiwar babban mutum ba, ko da yake wadda ta tsufa takan kai mita ɗaya. Ganyenta kore shar ne mai sheƙi, da farar jijiya a tsakiya, yana fitowa bibbiyu suna fuskantar juna. Furen yana da kunnuwa biyar a shimfiɗe, wani fari, wani ja-ja mai haske, da ɗan ɗigo mai duhu a tsaka kamar ido. In aka karya reshe sai farin ruwa ya fito kamar nonon tumfafiya, kuma wannan kama ba ta banza ba ce: masana sun sa su cikin dangi ɗaya, tare da kwankwani wanda maharba suke haɗa dafin kibiya da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan zumunta, domin za a komo kanta.

Abin da ya sa ta dace da ƙasar Hausa shi ne juriyarta. Yawancin furannin da ake sayowa da tsada an saba da su ne a ƙasashen sanyi, da zarar zafin Afrilu ya kai digiri 40 sai su ƙone, kuɗi da ruwan da aka kashe su tafi a banza. Ita kuwa rana take so. In zafi ya tsananta sai ta naɗe ganyenta don rage ruwan da yake fita, da yamma ta ware shi. Mutane da yawa in sun ga wannan naɗewa sai su ɗauka mutuwa za ta yi, su yi ta kwarara mata ruwa, alhali kuwa ruwa ne babban abin da yake kashe ta. Wannan shi ne kan maganar renonta duka: ƙishirwa ba ta cika kashe fulawar Madagaska ba, jiƙa ce take kashe ta.

Saboda haka ƙasar da za a ba ta lalle ne ta zama mai tsane ruwa. Jigawa da turɓaya sun fi laka da ƙasar fadama nesa ba kusa ba. Wanda zai shuka a tukunya sai ya haɗa kashi biyu na turɓaya, da kashi ɗaya na rairayi, da kashi ɗaya na takin gargajiya wanda ya riga ya ruɓe sarai, gama ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A huda gindin tukunyar, a ɗora tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Tukunyar yumɓu ta fi gwangwani da roba, domin tana numfashi, gwangwani kuwa in rana ta buge shi dafa saiwar yake yi. Kada a cika taki, musamman na zamani, don yawansa yakan ba da ganye mai yawa da fure kaɗan. Haka nan toka, wadda ake zuba wa wasu shuke-shuke, ba ta dace da ita ba. Ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, in kuwa toka ta yi yawa sai saiwar ta kasa jawo sinadarin ƙarfe, sababbin ganye su fito rawaya da koren jijiya.

Hanya biyu ake samunta, ta iri da ta reshe. Irin ƙanana ne baƙaƙe, kuma suna da wata ɗabi'a da ya kamata a sani, watau sun fi tsirowa cikin duhu da ɗumi. Don haka ba a barin su a sarari. A rufe su da ƙasa kamar kaurin ƙwayar masara, a yayyafa ruwa, a ɗora tsohon buhu ko kwali a kai, a ɗauke da zarar sun huda ƙasa, abin da yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen bazara da farkon damina. Tsakiyar hunturu ba lokacin shuka ba ne, saboda sanyin dare yana hana tsiro, har manyan ma sukan tsaya cik su rage fure sai gari ya yi ɗumi. In tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida sai a dasa shi da yamma, tare da dunƙulen ƙasarsa, don ba ta son a taɓa saiwarta, a bar tazarar taƙi ɗaya da rabi tsakanin wannan da wancan. Ta reshe kuwa, a yanko mai tsawon ɗan yatsa da rabi, a cire ganyen ƙasa, a kafa cikin rairayi mai danshi a inuwa. Cikin mako uku ko huɗu zai yi saiwa. Amfanin wannan hanya shi ne launin uwar ba ya sauyawa, iri kuwa yakan ba da wani launi dabam.

Game da ban ruwa, ma'aunin da ya fi kowanne shi ne ɗan yatsa. A tura shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da danshi a ƙyale ta, in ta bushe a ba ta har ruwa ya fito ta gindin tukunya. A ba ta da safe, a gindi, kada a watsa a ganye. A gidan da famfo yake zuwa yau ya ɗauke gobe, ruwan alwala da aka tara a bokiti ya ishi tukwane da dama, amma ban da ruwan wanki mai sabulun gari.

Watan Agusta shi ne watan hatsari a gare ta. In aka yi kwanaki ana ruwa, iska ta cika da laima, sai wata cuta mai kama da funfuna, wadda masana suke kira Phytophthora, ta fallatso daga ƙasa ta kama reshe. Alamarta reshe ya yi laushi, ya yi baƙi, ya kwanta dare ɗaya alhali ƙasa jiƙe take. Wanda ya kamu ba ya warkewa. Sai a tumɓuke shi a ƙone, a matsar da tukwane ƙarƙashin baranda, waɗanda suke ƙasa kuwa tun farko a yi masu kunya mai tudu. Ƙwari ba su cika damunta ba, in ban da wata babbar koriyar tsutsa da take cinye ganye cikin kwana biyu, wadda tsincewa da hannu ya isa. Furen da ya tsufa yana faɗuwa da kansa. Aikin da ya rage shi ne a tsinke kan tsiro yana ƙarami don ya yi rassa, a kuma rage tsawon wadda ta miƙe ta yi ƙafa. Mai son iri ya lura da 'ya'yanta, ƙananan kwanso biyu masu kama da ƙaho, ya cire su sa'ad da suka fara rawaya, don in suka bushe fashewa suke yi su watsar.

To, da adon ne kaɗai labarinta, da ba ta cancanci lacca ba. A tsibirin Jamaika mutane sun daɗe suna dafa ganyenta su sha don ciwon sukari. A 1952 wani likita, Clark Noble, ya aika wa ɗan'uwansa Robert Noble ganyen a Jami'ar Yammacin Ontariyo ta ƙasar Kanada don a gwada. Gwajin bai nuna wani tasiri na kirki a kan sukari ba, amma sai aka lura ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan ganyen fararen ƙwayoyin jininsu sun ragu ƙwarai. Nan tunani ya juya: abin da yake rage fararen ƙwayoyin jini, ai zai iya amfani a cutar da take sa su yawaita ba ƙa'ida. Masanin sinadarai Charles Beer ya shiga aikin, a 1958 suka ware sinadarin da aka sa wa suna vinblastine. Masu bincike na kamfanin Eli Lilly a Amurka, cikinsu har da Gordon Svoboda, suka fitar da na biyu, vincristine, wanda hukumar Amurka ta yarda a yi amfani da shi a 1963.

Aikin magungunan shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa biyu. Duk ƙwayar da za ta rabu sai ta kafa wasu siraran zaruruwa a cikinta da za su ja rabin gadonta nan, rabi can. Sinadaran nan suna hana zaruruwan haɗuwa, kuma tun da ƙwayoyin sankara sun fi sauran saurin rabuwa, su suka fi shan wuya. Sankarar jini ta yara, wadda a farkon shekarun 1960 ko yaro ɗaya cikin goma ba ya tsira daga gare ta, yanzu a ƙasashe masu wadata kusan tara cikin goma suna warkewa, kuma vincristine yana cikin haɗin magungunan da suka kawo haka. Har ila yau ana amfani da shi a kan sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda takan kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. Sinadarin kaɗan ne ƙwarai a ganye, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshensa kafin a sami giram ɗaya, dalilin da ya sa a 2022 masu bincike a Danmak suka ba da labarin sarrafa yis don ya riƙa samar da tushen vinblastine.

Madagaska ba ta sami rabo daga ribar magungunan ba, kuma ana yawan kawo wannan misali a muhawarar da ta kai ga yarjejeniyar Riyo ta 1992 da ta Nagoya ta 2010 game da raba amfanin tsirrai da ƙasashen da suka fito. Sai dai shari'ar ba ta da sauƙi kamar yadda ake ɗauka, domin shukar ta riga ta bazu a duniya tun kafin binciken, kuma ilmin da ya ja hankalin likitocin Kanada na mutanen Jamaika ne.

A nan ne zumuntarta da tumfafiya da kwankwani take da muhimmanci. Shukar mai dafi ce, kuma jin labarin maganin sankara yakan sa wasu su tafasa ganyen su ba majiyyaci. Wannan kuskure ne babba. Ruwan ganyen ba ya ɗauke da maganin gwargwadon da zai warkar, yana kuwa ɗauke da wasu sinadarai masu yawa da za su iya cutarwa, ga kuma lokacin zuwa asibiti da yake wucewa. Vincristine ta jijiyar jini kaɗai ake bayar da shi, da awo, a hannun likita. A gida kuwa, a ajiye tukwane inda yaro mai rarrafe ba zai kai ba, a kange su daga awaki waɗanda yunwar rani takan sa su ci abin da suka saba ƙi, wanda kuma ya yanke reshe ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci.