Man Shanun Kakanninmu da Kitsen da Ke Jininmu

A ƙarshen makon jiya na je gaishe da kawuna a Kakuri, tsohon ma'aikacin masaƙa wanda ya ba wa shekara 70 baya. Aka kawo mana tuwon masara da miyar kuka, man shanu yana yawo a kanta. Da ya lura ina karkata kwano ina kauce wa man, sai ya dakata da lomarsa ya dube ni. "Kai yaron nan, bokon ne ya kai ka ga tsoron man shanu? Kakanka da shi ya rayu, har ya koma ga Allah bai san ƙofar asibiti ba." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, likita ne ya ja mini kunne."

Wata uku kafin wannan rana na yi gwajin jini a wani asibiti da ke kudancin Kaduna. Sakamakon ya nuna kolestarol ɗina ya kai 6.7, alhali abin da likitoci ke so shi ne kada ya kai 5.2 a ma'aunin da ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi. Ba ni da ƙiba, ba na shan taba, kuma babu inda ke yi mini ciwo. Wannan shi ne abin tsoro a lamarin, domin yawan kitse a jini ba ya sallama kafin ya shigo. Sau da yawa alamarsa ta farko ita ce bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sai a ji mutane suna cewa, "Jiya-jiya muka rabu da shi lafiya ƙalau." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019 kaɗai, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki.

Maganar Kawu ita ce nake ji a majalisun Barnawa, da teburan masu shayi a Sabon Tasha, har ma a bakin abokan aikina a jami'a. Hujja ce mai nauyi, don haka ta cancanci a ba ta amsa da ilimi.

Kolestarol wani maiƙo ne da jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi ake haɗa ruwan matsarmama mai narkar da kitse a hanji. Mafi yawansa hanta ce ke ƙera shi, kaɗan ne ke shigowa ta abinci. Da yake mai ba ya gauraya da ruwa, sai jini ya riƙa ɗaukarsa a cikin wasu 'yan ƙunshi. Nau'in da ake kira LDL shi ke rarraba shi a sassan jiki, kuma idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyi kamar yadda laka ke taruwa a kwata, har hanyar ta tsuke. Nau'in HDL kuwa kwaso shi yake yi ya mayar wa hanta. Tun a 1913 masanin Rasha Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun toshe. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna alaƙar yawansa da ciwon zuciya a jikin ɗan Adam. A 1985 kuma Michael Brown da Joseph Goldstein suka sami kyautar Nobel saboda gano 'yan ƙofofin da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, ke janye LDL daga jini da su. Kitse mai daskarewa, irin na man shanu da kakiɗe da kitsen nama, yana rage aikin waɗannan ƙofofi, sai LDL ya taru a jini.

To, yaya aka yi kakanninmu suka sha da shi? Amsar tana kusa da mu. A 2001 wata mujallar kimiyyar abinci ta Amurka ta wallafa binciken da Robert Glew da abokan aikinsa suka gudanar a tsakanin Fulani makiyaya na tsaunukan Jos. Sun tarar da abincinsu cike yake da madara da man shanu, amma kitsen jininsu yana cikin ma'aunin lafiya. Dalilan da masu binciken suka kawo su ne yawan zirga-zirgar kiwo, da ƙarancin jimillar abin da suke ci a yini, da rashin shan taba. Ashe Kawu yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Kakanmu ya sha man shanu, sai dai kafin rana ta take ya riga ya ƙone shi a gona.

Shi kansa Kawu shaida ne. A zamanin da Kakuri take Kakuri, bayan kafa masaƙar KTL a 1957 da zuwan su UNTL da Arewa Textiles, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, dubban ma'aikata a ƙafa ko a keke suke zuwa aiki, su yi awa takwas a tsaye a gaban inji. Nama kuwa sai ranar albashi ko ranar Salla ko Kirsimeti. Masaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, rayuwa ta sauya. Yau ɗan Narayi ko Unguwar Romi daga ƙofar gida zai hau Keke Napep, ya wuni a zaune a shago ko ofis. Karin kumallonsa taliyar leda da ƙwai da aka soya cikin mai, ko burodi da bota. Da rana shinkafa da manja ya yi mata rawani, ga lemon kwalba. Da dare a tsaya wajen mai tsire a ce ya haɗa da kitse da kayan ciki. Mun riƙe man kakanni, mun ƙara masa soye-soye da sukari, mun kuma ajiye fartanyarsu. Bahaushe ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Wani abin takaici shi ne, ko waɗanda suka farga sukan kai hari inda maƙiyi ba ya nan. Na san malamai da suka haramta wa kansu ƙwai, amma ba sa tashi daga gaban balangu sai takarda ta jiƙe sharkaf. Gwaiduwar ƙwai ɗaya tana ɗauke da kolestarol kimanin miligiram 185, sai dai ga yawancin mutane wanda ke cikin abinci bai kai kitse mai daskarewa tasiri a jini ba. Shi ya sa a 2015 hukumomin Amurka suka janye ƙa'idar da ta taƙaita cin sa ga miligiram 300 a yini, kodayake mai ciwon suga ya kamata ya nemi shawarar likitansa. Haka nan rubutun da muke gani a jikin galan na man girki, wai babu kolestarol a ciki, bai kamata ya ruɗe mu ba. Babu man tsiro da ke da kolestarol ɗin a-zo-a-gani tun asali. Abin dubawa shi ne yawan kitse mai daskarewa: kusan rabin manja shi ne, man ƙwarar manja ya haura kashi 80 cikin 100, man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato kimanin giram 22 a yini ga matsakaicin baligi. Babban cokali uku na manja sun kusa cike wannan gurbi, tun kafin a yi maganar nama.

Akwai kuma kitsen masana'anta da ake daskarar da shi don yin wasu nau'o'in bota da biskit, wanda ke ɗaga LDL ya kuma sauke HDL. A 2023 Najeriya ta fitar da dokar NAFDAC da ta taƙaita shi ga giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Mataki ne mai kyau, amma doka ba ta leƙa kaskon ƙosai da awara a bakin titi, inda ake maimaita mai har ya yi baƙi ƙirin, ya lalace.

Kada mai karatu ya ɗauka gyara ba ya yiwuwa. Yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finland ya taɓa zama cikin wuraren da ciwon zuciya ya fi kashe maza a duniya, saboda yawan cin man shanu da gishiri da shan taba. A 1972 aka ƙaddamar da wani shiri ƙarƙashin jagorancin likita Pekka Puska, aka shiga ƙauyuka ana aiki da ƙungiyoyin mata da manoma da masu shaguna, aka koma ga man tsiro da kayan lambu. Cikin shekara 40 mace-macen ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Mu kuwa ba sai mun yi nisa ba, maganin yana cikin madafinmu, kuma ya fi soye-soyen araha. Wake, ko a ɗanwake ko a alale, da yauƙin kuɓewa, suna kama ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, sai hanta ta janyo kolestarol daga jini ta ƙera wani. Gero da dawa da accar da ake nomawa a kudancin jiharmu, da faten tsaki mai yawan ganye, da kwaɗon zogale da rama, da gyaɗa, da kifi gasasshe, duk abincinmu ne na gado. A auna mai da cokali maimakon a tuttula daga kwalba. A yanke kitse daga nama, a kuma taka ƙasa na minti 30 aƙalla sau biyar a mako.

Abinci kaɗai ba ya isar kowa. Kimanin mutum 1 cikin 250 gadon matsalar yake yi, kuma irin waɗannan, da masu hawan jini ko ciwon suga, sukan buƙaci magungunan da ake kira statin bisa umarnin likita. Don haka duk wanda ya kai shekara 40, ko aka taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa, ya je ya auna jininsa. Ina kira ga masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kudancin Kaduna su riƙa shirya irin wannan gwaji ga jama'arsu, domin kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin jinyar shanyewar jiki ba.

Da zan tafi, Kawu ya rako ni har bakin titi, yana tafe ina haki a bayansa. Ya ce, "Ka ga, ni ban daina tafiya ba." Na yi masa alkawarin zuwa na gaba daga Barnawa a ƙafa zan zo, shi kuma ya yarda za mu je a auna jininsa. Allah Ya ƙara mana lafiya.