HAKI BA GAJIYA KAWAI BA NE: KI SAN HAWAN JININ HUHU

Uwargida, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

MENE NE SHI?
Gefen dama na zuciya ne ke tura jini zuwa huhu don ya ɗebo iska. Idan jijiyoyin huhu suka tsuke, sai zuciya ta dinga turawa da ƙyar har ta kumbura, ta gaza. Wannan daban yake da hawan jinin da kika sani. Awon da muke yi miki a dantse ba ya nuna shi.

ME KE KAWO SHI?
1. Ciwon zuciya: na bayan haihuwa, ko wanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya bari, ko hudar zuciya da aka haifi yaro da ita.
2. Sikila.
3. Tsargiya, musamman ta hanji, wadda ake ɗauka a kududdufi da hanyoyin ruwan noman rani.
4. Ciwon huhu mai daɗewa, kamar wanda hayaƙin kara da itace ke jawowa.

ALAMUNSA
Haki in kina daka ko ɗebo ruwa. Kumburin ƙafa da ciki. Jiri ko suma. Jariri kuwa yana haki da gumi wajen shan nono, ba ya ƙara nauyi. Kada ki ce jego ne ko sanyi. Ki zo yau.

YADDA AKE GANE SHI
Likita zai saurari ƙirjinki, a gwada jini, a ɗauki hoton ƙirji. In da hali sai a tura ki daga asibitin Bichi, Ɗambatta ko Gezawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don hoton zuciya.

MAGANI
Ana fara magance tushen ciwon. Akwai ƙwayar fitar da ruwan kumburi, da ta buɗe jijiyoyin huhu, da ƙarin iska. Sau da yawa ba ya warkewa ɗungurungum, amma magani na sauƙaƙa numfashi. Kada ki daina sha don kin ji dama. Rage gishiri, ki bar kunun kanwa. Ki yi girki inda iska ke shiga.

GARGAƊI
Ciki babban haɗari ne ga ran mai wannan ciwo. Ku zo da maigida mu yi shawara kafin ki sake ɗauka. In kina da ciki, kada ki haihu a gida.

RIGAKAFI YA FI MAGANI
Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano