Amanar Maigida da Yaronsa a Tamanrasset

Duk sanda aka buɗe baje kolin Assihar a Tamanrasset, jaridu kan yi ta lissafin motocin dabino da gishiri da dabbobin da ake musaya tsakanin Aljeriya da Nijar da Mali, sai ka ce yarjejeniyar hukumomi ce kaɗai ke jan cinikin. Ba mai tambayar abin da ke sa maigida a Agadas ya danƙa wa yaronsa dukiya, ya ratsa Assamaka da In Gezam da ita, ba rubutu ko layi ɗaya.

Masana sun daɗe a kan wannan. A 1995 Mayer da Davis da Schoorman suka ce abu uku ke sa a yarda da shugaba: ya iya aikin, ya nufi na ƙasa da alheri, maganarsa kuma ta zama ɗaya. A 2002 Dirks da Ferrin suka nuna cewa yarda da wanda ke kanka kai tsaye ta fi tasiri a kan aikinka fiye da yarda da manyan ofis.

Abin takaici, mun manta fatakenmu sun riga su. A ayarin goro na Gwanja, madugu ne ke shiga gaban sarakunan hanya ya sasanta kuɗin wucewa, jagaba yana gaba yana duba zango da ruwa. Madugun da ya cuci ayari, baɗi ba mai ɗaura wa jakinsa kaya ya bi shi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa mai shanu: a ba mahauci bashi, in ya ƙi biya, maigida ne ke ɗaukar asarar don kada sunansa ya ɓaci. Shugaba ke fara sa wuyansa, sannan a bi shi.

To yau fa a Tamanrasset? Ɗan ci-rani ya wuni yana kwaɓa siminti a rana, ranar biya shugaban leburori ya ce “sai wani sati”, don ya san marar takarda ba ya kai ƙara. Sau da yawa mai cutar ɗan gida ne, da Hausa yake ba da umarni. Wannan cin amana ne tsagwaronsa.

Shugabannin al'ummar Hausawa a Tamanrasset, ku riƙa tsaya wa leburori kamar yadda kuke tsaya wa 'yan kasuwa. Wanda ya riƙe haƙƙin yaro, ku daina tura masa yara.