Tukunyar Hannu da Tukunyar Inji: Ina Iyakar Take?

Ginin tukwane bai taɓa rabuwa da kayan aiki ba. Mai ginin gargajiya a ƙasar Hausa takan kife tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓu a kanta don fitar da gindin sabuwa, ta daddaɓe jikin da katako, ta goge da dutse mai santsi, ta mirgina igiya ko totuwar masara don yin ado. Ba wanda ke musun cewa randar da ta fito daga nan aikin hannu ce. Gardama tana tashi ne idan kayan aikin suka fara ɗauke wa hannu wani ɓangare na aikinsa.

Mataki na farko shi ne faifai mai juyawa, wanda aka san shi a Mesofotamiya fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Ko da ƙafa ake juya shi ko da lantarki, faifan juyi kawai yake bayarwa. Yatsun magini ne ke tayar da bango, su daidaita kauri, su fitar da wuya da baki. Saboda haka yawancin masu sana'ar suna lissafa wannan cikin aikin hannu.

Tarihin Ladi Kwali ya nuna yadda hanyoyin ke cakuɗuwa. Bagwariya ce daga garin Kwali, ta ƙware a ginin gargajiya tun kafin 1954, shekarar da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, ɗan Ingila, ya buɗe a Abuja ta dā, wato Suleja ta yau. A can ta koyi aiki da faifai, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana zana ƙadangare da kada da kifi a jikinsu. Abin da ya sauya shi ne yumɓun, da shafen gilashi, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Tulunan suka yi nauyi, suka daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, suka koma kayan ado. Amfaninsu ya canja, amma hannun da ya gina su bai ɓace ba, kuma da wannan aikin ta yi sunan da ya kai hotonta bayan takardar naira 20.

Inda ra'ayi ya fi rabuwa shi ne zubi. A masana'antun tangaran irin na Stoke-on-Trent a Ingila, ana tsiyaya yumɓu mai ruwa-ruwa cikin mazubi, mazubin ya tsotse ruwan, a fitar da kofuna dubbai iri ɗaya. Masu kāre wannan hanya suna cewa mutum ne ya sassaƙa mazubin, mutum ne ke liƙa mariƙi ya yi zane. Masu suka kuwa suna cewa siffar ta riga ta tabbata kafin ma'aikaci ya taɓa yumɓun.

A 1968 David Pye, malamin zayyanar kayan katako a Landan, ya kawo ma'auni mai amfani. Ya raba aiki gida biyu: wanda kyansa ko lalacewarsa ke rataye a kan kulawar mai yi a kowane lokaci, da wanda aka tabbatar da sakamakonsa tun kafin a fara. Bisa wannan, injin kwaɓa yumɓu ko tanderun lantarki ba sa kore sunan aikin hannu, domin ba su ne ke yanke siffa ba.

Muhimmancin batun ya fi bayyana a kasuwa. Mai saye yana ƙara kuɗi ne don gwaninta da lokacin da aka ɓata, kuma idan aka sayar da kayan zubi da sunan ginin hannu, magina na ainihi ake karya wa farashi. Mafita ita ce mai sayarwa ya fayyace hanyar da aka bi: ginin hannu zalla, na faifai, ko zubi da aka yi wa ado da hannu.