Ciwon Fata Da Ake Ɗauka Makero Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili kaɗan in yi wa 'yan'uwana masu karatu bayanin wani ciwon fata da mutane ke ɓarnar kuɗi a kansa, suna tsammani makero ne.

Yakan fara da tabo guda kewayayye, mai ɗan ɓawo a gefe, a ƙirji ko a baya. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙananan tabba su bazu a jiki, suna bin layin haƙarƙari. Wani likitan Faransa, Gibert, ya raɗa masa suna pityriasis rosea a 1860, don a jikin Bature ja-ja yake fitowa. A namu kuwa toka-toka ne ko baƙi.

Makero dai wata irin fumfuna ce ke kawo shi, shi ya sa man shafawa ke kashe shi. Wannan kuwa man makero ba ya yi masa kome. Likitoci sun fi zargin ƙwayoyin bairos biyu, HHV-6 da HHV-7, waɗanda aka gano a 1986 da 1990. Kusan kowa yakan kamu da su tun yana yaro, su kwanta cikin jiki shiru, ana kuwa zaton farkawarsu ce ke fid da ƙurajen. Galibi da kansa yake warkewa cikin mako shida zuwa takwas, ko da shatin ya daɗe bai baje ba.

Amma mace mai ƙaramin ciki ta hanzarta ganin likita, don an sha ganin ɓari ya biyo bayansa. Wanda kuma ƙurajen suka fito masa a tafin hannu ko na ƙafa, ya je a gwada jininsa, gama tunjere ma haka yakan ɓad da kama.