Lithops: Tsiron da Ke Sajewa da Tsakuwa

A shekarar 1811, wani Baturen Ingila mai binciken tsirrai, William Burchell, yana ratsa yankin Prieska a Afirka ta Kudu, sai ya sunkuya ya ɗauki abin da ya zaci tsakuwa ce. Ashe mai rai ce, har da saiwarta. Wannan ne tsiron da masanin tsirrai N. E. Brown ya raɗa wa suna Lithops a 1922, kuma a yau masana sun san kusan iri 37 nasa.

Mahaifarsa kudancin Afirka ce: Namibiya, Afirka ta Kudu da wani sashe na Botswana. Yana fitowa ne a fako da tudun tsakuwa inda ruwan sama ke wuya. A gaɓar hamadar Namib ma, hazon da ke tasowa daga teku da asuba shi ne yawancin abin shansa.

Duk jikinsa ganye biyu ne masu kauri, cike da ruwa, da tsaga a tsakaninsu kamar kofaton akuya. Ba reshe, kara kuwa sai a ce babu. Yawancin jikin a binne yake, samansa kawai ake gani, kuma ta nan hasken rana ke ratsawa zuwa ciki inda ake haɗa abinci. Launinsa toka-toka ne, ko ruwan ƙasa, ko ja-ja, da ɗigo-ɗigo irin na duwatsun da ke kewaye da shi, don haka dabba mai jin ƙishi kan wuce ba ta gan shi ba. Ƙofofin numfashinsa da dare suke buɗewa, don kada rana ta ƙafar da ruwansa.

Daga tsagar nan fure ke fitowa, fari ko rawaya, yana buɗewa bayan azahar. Kwanson irinsa ba ya buɗewa sai ruwan sama ya jiƙa shi, in ya bushe ya sake rufewa. Kowace shekara sababbin ganye biyu kan taso daga ciki, su tsotse ruwan tsofaffin har su yanƙwane.

A nan masu shuka shi a tukunya ke kuskure. Sai su ga ganye ya yanƙwane, su ɗauka ƙishi ne, su yi ta ban ruwa har ya ruɓe. Wanda zai rene shi ya nemi ƙasa mai yashi da tsakuwa, da wuri mai haske, kuma ya ɗaga masa ƙafa da ruwa har tsofaffin ganyen su bushe ƙamas.